Kaburburan Maijirgi da Tukunyar Miya

Shin ya dace mai hankali ya ziyarci wurin da aka zubar da jinin kakanninsa da hantsi, sa'an nan da azahar ya zauna gaban akushi yana santin miya? Wannan tambaya tana jiran duk malamin da ya shirya wa ɗalibansa ziyarar yini guda daga Tasawa ko Mayahi zuwa Maijirgi.

A shekarar 1899 ne ayarin sojan Faransa, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa, yana kwashe rumbuna. Ranar 14 ga Yuli, kusa da Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb da aka aiko ya tsayar da shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su su biyun. Kaburburansu suna Maijirgi, baƙo na iya tsayawa a kansu. Manoman da suka hallaka kuwa, galibinsu ba su da dutse, ba su da suna a takarda.

Wasu na ganin cin abinci bayan irin wannan ziyara rashin ta-ido ne ga mamata. Hujjarsu tana da nauyi, domin yawon da ya mai da maƙabarta wurin ɗaukar hoto ya zubar da mutuncin tarihi.

Amma a duba abin da ke cikin akushin. Geron tuwon daga jigawar da aka ƙone rumbunanta ya fito. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawar da ake yi da ƴaƴan yakuwa, duk ilimi ne da mata suka riƙa miƙa wa ƴaƴansu daga wancan zamani har yau. Wanda ya ƙone rumbu yana nufin tukunya ta mutu. Ga ta kuwa tana tafasa bayan shekara fiye da 120. Ita ce shaidar waɗanda ba a yi wa kabari ba.

Saboda haka cin ya halatta, da sharaɗi guda: a ci da sani. Malami ya sa ɗalibai su zauna da tsofaffin gari, su tambayi mai girki daga wa ta koya, su rubuta amsarta da Hausa kusa da shekarun da suka kwafo daga littafin Faransanci. In sun dawo da sunan Voulet kaɗai, ziyarar tasa ce. In sun dawo da sunan kakar mai miyar, ta zama tamu.