Daren Noel da haƙƙin abokin aiki

A Paris da Landan, idan Disamba ta raba, rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, kowane gida kuma ya koma ga abin da ya gada. Kirista ya tafi coci daren 24 ga wata. Bayahude ya kunna fitilun Hanuka har dare takwas. Mutumin Iran ya tara iyali a daren Yalda, a ci rumman da kankana, a buɗe diwanin Hafiz. Wanda ba ya bin kowane addini ma yakan kafa itacen ado, ya dafa abin da tsohuwarsa ke dafawa.

Asibiti kuwa ba ya rufewa. Shi ya sa wasu musulmi a can suka yi tasu al'adar: su karɓi aikin wannan dare don abokin aiki ya kwana cikin iyalinsa. Akwai ƴan uwa masu ganin wannan taya biki ne. Sai dai mai jinyar bai je coci ba, bai furta aƙidar kowa ba. Gajiyar dare guda ya ɗauke wa bawan Allah. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Amru, Allah ya yarda da shi, da aka yanka tunkiya a gidansa, ya yi ta tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude.

Inda muridi zai tsananta bincike shi ne zuciyarsa. In ya karɓi daren ne don a rama masa ran Sallar Layya, ciniki ya yi; halal ne, amma ciniki. Da wuya ya san wanne ya yi sai ranar da Sallar ta zo, ya nemi a canje shi, abokin ya ce ba hali.