Ƙofar Da Ake Bugawa Da Tsakar Dare

Karatu: Luka 11:5-8, Romawa 13:11-14



Bayan da Ubangijinmu Yesu ya koya wa almajiransa yadda za su yi addu'a, sai ya ba su wani misali. Wani mutum ya yi baƙo da tsakar dare, ga shi kuwa babu ko loma a gidansa. Ya tashi ya je ƙofar abokinsa yana roƙon aron gurasa uku. Na cikin gida ya ce an riga an kulle ƙofa, yara sun kwanta, ba zai iya tashi ba. Amma saboda nacin mai roƙon, daga bisani ya tashi ya ba shi abin da yake bukata.

Manufar misalin ta fari ita ce mu nace da addu'a. Amma ku lura da inda Ubangiji ya ɗauko shi. Daga zaman unguwa ya ɗauko shi, domin masu sauraronsa sun san cewa mutum yana iya buga ƙofar maƙwabcinsa da tsakar dare, a gane muryarsa, a buɗe masa ko da ana gunaguni. To, a unguwanninmu na Kaduna, ƙofa nawa ce ta rage wadda za a buga a wannan sa'a a buɗe?

Hausawa sun ce dare mahutar bawa, amma daren birni ba kowa yake hutarwa ba. Idan rana ta faɗi a Kakuri, ko Sabon Tasha, ko Narayi, ko Television, sai wata kasuwa ta ci. Mai shayi ya hura wuta, mai tsire ya kafa tukubarsa, mai ƙosai ta ɗora kasko, mai Keke Napep yana jiran fasinjan ƙarshe. Ma'aikaciyar jinya tana tsaye a kan marar lafiya, mai gadi yana zagaye da tocila. Waɗannan duka halal ɗinsu suke nema, kuma barcin da muke yi, a kan gajiyar wasunsu muke yin sa. Saboda haka kada wani ya ce duk mai yawon dare ɗan iska ne. Da dare Nikodimu ya zo wurin Yesu, Yesu kuwa bai kore shi ba. Da tsakar dare Bulus da Sila suka yi ta yabon Allah a kurkukun Filibi.

Amma a cikin wannan dare ɗin ne kuma ake shanye albashin wata a gidan giya, yara suna kwana da yunwa. A cikinsa ne saurayi yake zuba kuɗin makarantarsa a shagon caca saboda wasan ƙwallon da ake bugawa a Ingila. A cikinsa ne ake sayar wa yaro ɗan shekara 15 tiramadol a lungu. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Doka tana iya rufe kanti, amma ƙishirwar da ta kai yaro ƙofar kantin, ba doka ce take kashe ta ba.

Ya kamata mu tuna yadda muka kai ga wannan hali. Dattawanmu sun san lokacin da masaƙun Kakuri suke aiki dare da rana, dubban ma'aikata daga kowace ƙabila suna fita daga aiki suna cin abinci a rumfa ɗaya. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran ma suka bi baya, iyaye da yawa suka zauna babu aiki. Rikicin shekarar 2000 da na 2002 kuma suka raba gari: Kirista da yawa suka koma kudancin Kogin Kaduna, Musulmi da yawa suka koma arewacinsa. Muka ɗaga katanga, muka kafa ƙofofin ƙarfe a bakin layi. Tsoronmu yana da dalili, domin an zubar da jini. Sai dai ƙofar da ta hana mugu shiga, ita ce kuma ta hana mu jin muryar maƙwabci. Mutanen kirki suka shige ɗaka, suka bar titi ga wanda ya ga dama.

Mu duba wanda yake buga ƙofarmu. Sau da yawa ba ya bugawa da hannu. Matar da muke jin kukanta ta bayan bango duk daren da mijinta ya dawo a buge, ƙofarmu take bugawa. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye aikatau, aka bar ta tana talla har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ƙofarmu take bugawa. Gwauruwar da take dafa burkutu domin ba ta da wata hanyar biyan kuɗin makarantar marayunta, ita ma haka. Zagin ta daga nesa abu ne mai sauƙi. Amma idan Zumuntar Mata ta tara mata jarin wata sana'a, an yi mata wa'azin da ya fi na baki. Ikilisiya ba ta ce ruwan inabi ƙazanta ne ba, gama Ubangiji da kansa ya tanada shi a bikin Kana. Maye ne zunubi, domin yana ƙwace hankalin da Allah ya ba mutum, ya kuma ƙwace abincin bakin 'ya'yansa.

Iyayen da ɗansu ya bi dare, kada ku yanke ƙauna. Waliyi Agustin yana saurayi ya tafi karatu birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya bi sha'awar zuciyarsa shekaru masu yawa. Mahaifiyarsa Monika ba ta daina addu'a ba. A shekara ta 386, a wani lambu a Milan, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura 13, inda manzon yake gargaɗi a bar shaye-shaye da fasikanci da husuma, a yafa Kristi kamar riga. A daren Ista na 387 Bishof Ambros ya yi masa baftisma. Wanda dare ya ɓatar, da dare aka maido shi.

To, me za mu yi? Da fari, kowane magidanci ya san inda 'ya'yansa suke idan duhu ya yi. Ku ci tuwon dare tare, ku yi addu'a tare kafin a kwanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, ku san sunayen maƙwabtanku na dama da na hagu, Kirista ne ko Musulmi, ku gaishe su da rana domin ku gane muryarsu da dare. Ku biya mai gadin layi haƙƙinsa a kan kari. Na uku, mu da kanmu kada mu zama fitinar dare. Kwanan addu'a abu ne mai kyau, amma lasifikar da take hana jariri da marar lafiya barci ba ta ƙara wa addu'a lada. Haka zaman makoki: ta'aziyya aka je yi, kada a mai da shi dandalin maye da kiɗa har asuba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi. Idan aka yi ihun ɓarawo da dare, kada hannun Kirista ya ɗauki dutse, ko taya, ko fetur. A kama shi a miƙa wa hukuma. Doka ta biyar ba ta yin barci idan rana ta faɗi, kuma duhu yakan sa a ɗauki baƙon da ya ɓata hanya a matsayin ɓarawo. Haka nan saƙon tashin hankali da ya shigo wayarka da tsakar dare, wanda ba ka tabbatar da shi ba, kada ka tura shi gaba. Wannan gari ya san abin da jita-jita take haifarwa.

'Yan'uwana, mu tuna cewa mu ma masu buga ƙofa ne. Kowannenmu yana zuwa gaban Allah hannu wofi, a sa'ar da bai cancanci a saurare shi ba, Allah kuwa yana buɗewa ba tare da gunaguni ba. Wanda aka buɗe wa haka, da wane ido zai ce wa maƙwabcinsa ya riga ya kwanta?

Bari Ubangiji ya tsare masu aikin dare, ya maido da 'ya'yanmu da suka ɓace, ya ba unguwanninmu kwana lafiya. Uwa Maryamu, ki yi addu'a dominmu. Amin.