Me Ya Kai Mu Ɗakin 'Yar Fim?

A shekaru talatin da 'yan kai da suka wuce tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, wata doka ta kafu a Kannywood wadda kowa ya san da ita: jaruma in ta yi aure, ta bar fitowa a fim. Namiji kuwa sai ya yi aure, ya ƙara, gobe ya koma lokeshan ya fito a saurayi, mu tafa masa. Ali Nuhu da muka gani a Sangaya har yanzu yana cikin harkar, a 2024 ma aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Matan da suka yi tashe tare da shi kuwa, da yawansu ranar ɗaurin aurensu ce ranar ritayarsu.

In auren ya mutu ta dawo, sai mu ce ai dama 'yan fim ba sa zaman aure. Sai ka ce a gidajenmu aure ba ya mutuwa! A Kano ɗin nan yawan zawarawa ne ya sa gwamnati ta fara aurar da su ta hannun Hisbah a 2012, kuma ba daga masana'antar fim aka kwaso su ba. Bambancin kawai, sakin maƙwabciyarmu 'yan layi ne suka sani, nata kuwa kafin la'asar ya zaga Facebook da TikTok.

To, muna da hakkin shiga rayuwar gidan wanda muke kallo?

Masu cewa muna da shi ba su rasa hujja ba. 'Yan fim da bakinsu suke cewa faɗakarwa suke yi, wanda kuwa ya hau mumbari dole a duba rigarsa. 'Ya'yanmu suna kwaikwayon ɗaurin ɗankwalinsu da maganarsu, kuma wasunsu da hannunsu suke ɗora hoton biki da na suna a Instagram don su ƙara mabiya. Wanda ya buɗe ƙofarsa da kansa, da wuya ya yi ƙarar mai leƙe.

Mun yarda da wannan, amma iyakarsa abin da suka fito da shi. Fim ɗin da suka sayar mana namu ne, mu yaba ko mu kushe, don shi ma aka kafa hukumar tace fina-finai a Kano a 2001. Dalilin rabuwar mace da mijinta ba a sayar mana da shi ba. Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin mutane da cin namansu ba ta cire 'yan wasa daga ciki ba. Kuma a gidan akwai wanda bai zaɓi shahara ba: yaron da zai shiga aji washegari, abokansa sun riga sun karanta zagin da aka yi wa uwarsa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne inda muke ɗauke ido. A 2022 Ladin Cima, wadda ta tsufa tana fitowa a matsayin uwa, ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta a fim. An yi ta cacar baki na ɗan lokaci, sannan muka koma tambayar wace jaruma ce ta fito daga gidan miji.