TUKUNYAR GIDANKA AMANA CE A WUYANKA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ruwa, ya tsirar da gero da dawa, ya ciyar da mu ba don wayonmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa, na san wani zai ce, "Malam, wa'azi kuma a kan tuwo da miya? Ai wannan zancen mata ne." To, ɗan'uwa, saurara. Da wannan jiki ka ke tsayuwa a sahu, da shi ka ke azumi, da shi ka ke neman halal. Kuma Allah zai tambaye ka a kansa, ya tambaye ka a kan jikin waɗanda ka ke ciyarwa.

ABIN DA IDO YA KE GANI

Duk wanda ya bi ta bakin tasha a Dutsin-Ma bayan sallar Isha'i, ko ya tsaya bakin titi a Kurfi, zai ga teburin mai shayi cike maƙil. A haɗa shayi mai kauri, sukari cokali huɗu, a soya Indomie biyu da ƙwai uku, a kora da lemon kwalba. Kada a ce na haramta. Sana'ar mai shayi halal ce, kuma matafiyi da direba da ɗalibin Jami'ar Tarayya ko na Kwalejin Isa Kaita, wanda ba shi da mai dafa masa, suna da uzuri.

Wanda na ke magana da shi, shi ne magidancin da ya bar wa matarsa kuɗin cefanen da ba zai sayi ko da manja da daddawa ba, sa'an nan da dare ya kashe ninkinsa a kan cikinsa shi kaɗai. Ya koma gida yana sakace, 'ya'yansa sun kwana a kan tuwo da miyar kuka tsura. Subhanallahi!

A shekarar 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun rasu sabo da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Babu mai musun cewa tsadar abinci da rashin tsaron da ya raba mutane da gonakinsu su ne manyan dalilai. Wanda ba shi da shi, Allah ya hore masa, kuma haƙƙinsa yana kanmu. Amma kai da Allah ya ba ɗan abin hannu, ina ka ke kai shi?

ABIN DA SHARI'A TA KOYAR

A Suratul Baƙara, aya ta 168, Allah ya umarci mutane su ci abin da ya haɗa siffa biyu, watau ya zama halal kuma ya zama mai kyau. Mu kuwa mun riƙe ta farko mun saki ta biyu. A Suratul A'araf, aya ta 31, ya halatta ci da sha, ya hana wuce iyaka. Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kira ciki mafi sharrin mazubin da mutum ya ke cikawa, ya kuma koyar da a raba shi uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi.

Game da iyali kuwa, Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya tozarta waɗanda ciyar da su ya ke wuyansa. A hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda Buhari da Muslim suka fitar, an nuna cewa ko loma ɗaya da mutum ya ciyar da matarsa don Allah yana da lada a kanta. Ke nan kuɗin cefane ibada ne, ba asara ba ne.

Masu cewa shiga madafi ƙasƙanci ne ga namiji, su sani an tambayi Nana A'isha (R.A.) abin da Annabi ya ke yi a gida, ta ba da amsa cewa yana taya iyalinsa hidima har lokacin salla ya yi. To, wane ne kai?

ME A KE ZUBAWA A TUKUNYAR?

Na ɗaya, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk da wanda ya ke ɓoye cikin burodi da taliyar leda. Dunƙulen ɗanɗano da a ke jefawa a miya, kusan rabinsa gishiri ne. A jefa biyar, a ƙara gishiri, a kuma barbaɗa yaji mai dunƙule a kai. Yawan gishiri yana jawo hawan jini, hawan jini kuwa ba ya sallama. Kakanninmu da daddawa, da albasa, da citta, da tafarnuwa, da masoro suka yi miyar da har yau a ke labarinta. A rage dunƙule kaɗan-kaɗan, harshe zai saba.

Na biyu, sukari. Hukumar ta ce mafi yawan abin da ya kamata baligi ya sha a yini shi ne kamar giram 50, in ya tsaya a rabin haka ya fi. A kan samu kusan wannan adadin a robar lemo ɗaya tak. Ƙara da na shayin safe da na dare, sa'an nan ka zauna a shago ko a kan babur yini guda. Da haka ƙiba ke shigowa, ciwon sukari ya biyo sawunta. Ga tsamiya, ga zoɓo, ga kunun gyaɗa, ga fura da nono. Amma fa zoɓon da aka narka wa gwangwanin sukari ba shi da bambanci da na kwalba.

Na uku, mai. Man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi, aka sake, aka kuma sake, ba abin ci ba ne. Dahuwa da turarawa, irin na dambu da alala, sun fi yawan suya. Manja kuwa, in aka ƙona shi har jansa ya gushe, an kore amfanin da ya ke yi wa ido.

Na huɗu, hatsi da wake. Mun wayi gari muna ganin farar shinkafa ita ce wayewa, tuwon dawa kuwa talauci. Alhali gero da dawa, in ba a surfe su fiye da ƙima ba, sun fi ta ƙosarwa da daɗewa a ciki, gero kuma yana taimakon jini. Idan aka haɗa hatsi da wake, ko gyaɗa, ko waken suya, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki. Sabo da haka garau-garau, da ɗanwake, da awara, da ƙuli-ƙuli, su ne naman talaka. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a adana wake da maganin ƙwari, akwai buhu mai ɓawo uku da ke kashe ƙwaro ba tare da guba ba. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna kuma a zubar, domin dafinsu yana lalata hanta, wuta ba ta kashe shi.

Na biyar, ganye. Allah ya ba mu zogale, da rama, da alayyafo, da yakuwa, da lalo, da kabewa. Anas (R.A.) ya ga Annabi yana bin kabewa a cikin akushi yana tsinta, shi ma ya so ta tun daga ranar. Ga madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983, masu noman rani da masunta suna kawo mana tumatir da albasa da kifi. A wanke ganye kafin a yanka, kada a dafa shi har ya mutu, kada a cika masa kanwa. Kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir ya fi abubuwa da yawa da a ke sayarwa cikin leda mai ƙyalli.

WANI ABU DA NA GANI

Na taɓa zuwa duba wani abokin karatuna, bai kai shekara arba'in ba. Ya tashi da asuba ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Dangi suka ce jifa ne, wasu suka ce iska ce. Aka yi kwanaki ana yawo da shi wurin bokaye, ana turare, ana yanka. Da aka kai shi asibiti daga baya, sai aka tarar jininsa ya daɗe a sama bai sani ba. Dubi asara biyu: lafiya ta tafi, an kuma taɓa tauhidi. Cuta da waraka na Allah ne, amma shi ne ya sanya sababi, ya kuma umarce mu mu nemi magani ta hanyar da ya halatta.

ABIN DA ZA KA YI DAGA GOBE

1. Ka lissafa abin da ka ke kashewa a waje cikin mako ɗaya, ka mai da rabinsa cikin cefane. Ranar Laraba ka shiga kasuwar Dutsin-Ma da kanka, ka auno wake da gyaɗa, ka sayo ganye da busasshen kifi.

2. Ka ci abincin dare a gida, tare da 'ya'yanka, da wuri. Ka wanke hannu da sabulu, ka yi bisimilla, ka ci da dama, ka tashi kafin ciki ya ɗaure.

3. Nama ko ƙwai in ya samu, a fara da mai ciki, da mai shayarwa, da ƙananan yara. Al'adar tara tsoka a kwanon maigida, yara su lashi romo, ba ta da tushe a addini.

4. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata 6, sa'an nan a haɗa masa da kunun gero mai gyaɗa da waken suya, a ci gaba da shayarwa. Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ambaci shekara biyu, ta kuma ɗora ciyar da uwar a kan uba.

5. Kada ka kushe girkin matarka. Annabi bai taɓa aibata abinci ba. In kana son a rage gishiri, ka faɗa da lallashi, ka kuma kawo abin da zai maye gurbinsa.

6. Kai gwauro, ka koyi dafa wake da shinkafa da kwaɗo. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku ɗora tukunya ɗaya.

7. Ka riƙa auna jininka a asibiti ko da ba ka jin komai. In an yi miya kuma, a ƙara ruwa a miƙa wa maƙwabci, kamar yadda Annabi ya yi wa Abu Zarri wasiyya.

Ya ɗan'uwa, yau da dare in ka zo wucewa ta teburin nan, ka tambayi kanka, "Me 'ya'yana suka ci?" In amsar ba ta yi maka daɗi ba, ka sa a zuba maka a leda, ka kai gida a raba.

Allah ya ciyar da mu halal mai albarka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu, ya ba mu ikon sauke amanar iyali. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.