In Kiɗa Ya Sauya, Wa Zai Koya Wa Ma'aikaci Rawa?

Masu iya magana kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ba mu musun cewa kamfanin da ya ƙi bin zamani zai wayi gari zamani ya bar shi. Abin da ya dame mu shi ne: yayin da kamfani ya ɗaura ɗamarar tsira da kansa, ina matsayin ma'aikacin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen yi masa hidima?

Mu ɗauki Nokia na ƙasar Finlan, wanda da wuya a sami wanda bai taɓa riƙe wayarsa ba a cikinmu. A 2008 ya rufe masana'antarsa ta Bochum a Jamus, ya koma Romaniya inda ƙwadago ya fi araha. Mutum wajen 2,300 suka rasa aiki, alhali kamfanin riba yake ci. Jamusawa suka harzuƙa, har wasu suka ƙaurace wa wayoyinsa. Ita ma masana'antar Romaniyar, a 2011 aka yanke shawarar rufe ta.

A wannan shekarar, da iPhone da Android suka cinye masa kasuwa, sai ya ƙulla ƙawance da Microsoft, ya kuma miƙa wa kamfanin Accenture dubban ma'aikatansa. Masana kasuwanci kan kira irin wannan hikima. Amma shin mutum haja ne da za a ɗauke shi daga wannan rumfa a girke a waccan? Shugabanni ne suka rattaba hannu, shi kuwa ma'aikaci sai dai ya ji labari.

Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi cewa Bochum ta zama wa Nokia izina. Ya ƙirƙiro shirin Bridge, wato gada, inda aka taimaki waɗanda za a sallama su sami wani aiki, ko su koyi sabuwar sana'a, ko a ba su jari su kafa nasu kamfanin. A ganinmu wannan biyan bashi ne, ba kyauta ba, domin shugaba ne ke kan tudu, shi ya kamata ya fara hango hadari. Wanda ya hango ya yi shiru, sannan ya ce da na ƙasa su iya allonsu, ya ci amana ko da doka ta wanke shi.

Duk da haka gadar ba ta ƙetarar da kowa ba. A 2014 Microsoft ya saye sashen wayoyin, kuma kafin a yi wata uku ya sanar da soke guraben aiki 12,500 daga cikinsa.