Amana a Gidan Haya

Wasu daga cikin 'ya'yanmu suna zaman haya a Ingila, inda sanyin hunturu kan daskarar da ruwa a cikin bututu. Idan ruwa ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, har bututun ya tsage. Ranar da ta narke, rufi da katifa su jiƙe, gardama ta tashi.

Dokar ƙasar ta 1985 ta ɗora wa mai gida gyaran bututun ruwa da na'urar ɗumama ɗaki. Wanda ya karɓi kuɗin haya ya bar iyali cikin sanyi, Allah zai tambaye shi haƙƙinsu. Amma ɗan haya ma yana da nasa nauyin. Tun 1953 Alƙali Denning ya bayyana cewa mai tafiya da hunturu ya kamata ya rufe ruwan gidan.

A sura ta 16 ta Bisharar Luka, Ubangijinmu ya auna amincin mutum da yadda yake riƙon kayan wani. Ɗana, in za ka zo gida Kirsimeti, ka sanar da mai gidanka, ka rufe babban famfo kafin ka ɗauki jaka.