An Yi Tiyata, Wa Zai Kai Shi Gashi?

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki, tana nakasa mutane a cikin gidajenmu muna kallo. Idan aka ce za a yi wa ɗan'uwa aikin baya, kowa zai miƙe. A yi shela a masallaci, a zagaya da takarda, uwa ta sayar da akuyarta, a haɗa kuɗin tiyata. Ranar da aka sallamo shi kuwa sai mu ce alhamdu lillahi an gama, kowa ya kama gabansa. Ba a gama ba. Wallahi ba a gama ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne halin wani magidanci a layinmu, ɗan dako a kasuwar hatsi. Ciwon ƙugu ya kama shi, ya sauka ta ɗuwawu, ya bi bayan cinya har yatsun ƙafa, har ta kai ba ya iya tsayuwa a sahu. Hoto ya nuna faifan baya ne ya zame ya danne jijiya. Unguwa ta tara kuɗi, aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a, ya farka babu wannan azabar ta ƙafa. Aka ba shi kati, aka rubuta ranar da zai koma sashen gashi. Da na je dubiya, a ina na ga katin nan? An ninke shi huɗu an tokare ƙafar fanka da shi don kada ta yi rawa. Na ce wa yayansa, "Yaya, wannan ba katin asibiti ba ne?" Ya ce, "Malam, ai ɗaga ƙafa ne kawai da ajiyewa. Wa ke da kuɗin Adaidaita Sahu don wannan?"

Kuɗin Adaidaita Sahu! Mutanen da suka haɗa kuɗin tiyata, kuɗin Adaidaita ne ya gagare su. Suka kwantar da bawan Allah wata guda cur, ko ƙofar gida ba a bari ya taka ba, wai kada ɗinki ya warware. Da abinci ya ƙare a gida, babu ko ɗaya cikinmu da ya leƙa, sai ya tashi daga wannan kwanciyar kai tsaye ya koma kasuwa ya sa kafaɗa a buhu. Yau ƙafarsa ta hagu jan ƙasa take, silifa na zamewa daga ƙafarsa bai sani ba.

Ku saurara, don rashin sani ne tushen ɓarnar nan. Ƙasusuwa biyar ne a ƙugu, a tsakaninsu kuma akwai faifai mai aikin gammo, cikinsa da laushi, zagayensa da tauri. Idan zagayen ya tsage, na ciki ya ɓullo ya taɓa jijiya, shi ne ciwon da ke sauka ƙafa. Galibi a hawa biyu na ƙasa abin ke faruwa, waɗanda likitoci ke kira L4-L5 da L5-S1, domin nan ne nauyin jiki ke sauka. Tun 1934 likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana tiyatar wannan ciwo. Abin da likita ke yi shi ne cire ɓangaren da ya danne jijiya. Ba ya sa maka sabon faifai. Tsagar nan tana nan, a hankali take warkewa, naman baya da na ciki kuma sun yi rauni saboda watannin da ciwo ya hana su aiki. Shi ya sa a cikin mutum 100, kimanin 5 zuwa 15 faifan kan sake zamewa. Masu gashi su ne ke tayar da wannan naman, su koya wa mutum yadda zai mirgina gefe ya tashi daga gado ba tare da murɗa ƙugu ba, yadda zai durƙusa da gwiwa ya ɗauki abu, da lokacin da ya dace ya koma aiki. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2014 ya nuna cewa waɗanda suka fara atisaye mako 4 zuwa 6 bayan aiki sun fi saurin rabuwa da ciwo da komawa harkokinsu, kuma ba a ga ya jawo sake tiyata ba. Katin wannan atisaye ne aka ninke aka sa a ƙarƙashin fanka.

Kuma ba za mu ce babu masana a kusa ba. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959. Jami'ar Bayero tana yaye masu wannan ilimi shekara da shekaru. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashensu. To, mene ne uzurinmu?

Ku masu dubiya, ku ji tsoron Allah. Ku cika ɗaki tun hantsi har la'asar, mara lafiya ya ji kunya ya zauna a tabarma yana lanƙwashe yana amsa gaisuwa, alhali an ce masa kada ya daɗe a zaune. Kowa da maganinsa a baki: wannan ya ce ƙaho, wancan ya ce sakiya, wata ta ce akwai mai ɗori a ƙauyensu da ke taka baya ya mayar da ƙashi. Taka baya! Bayan da aka tsaga makonni kaɗan da suka wuce! Ina girmama masu ɗori a kan abin da suka gada, amma faifan da ke kusa da jijiya ba karayar hannu ba ce, babu dunduniyar da za ta mayar da shi. Ga kuma masu aika yaro kemis ya sayo tramadol da diclofenac ba bisa umarnin likita ba, a kashe zafin a koma ɗaukar kaya, ƙoda da ciki su biya bashin.

Mazaje, ku ma da ku nake. Idan matarka ce aka yi wa aikin, mako biyu sai ka fara tsaki a kan tuwo. Ta sunkuya da guntuwar tsintsiya, ta ja guga, ta ɗaga jarka mai lita 25, ta goya yaro, don kada a ce ta cika son jiki. Wannan zalunci ne, kuma za a tambaye ka. Haka iyayen gida a kasuwa, masu cewa ko ka dawo ko a sa wani.

Wasu kuma su ce ai tawakkali, lafiya ta Allah ce. Haƙiƙa ta Allah ce, kuma Shi ne ya umarce mu da neman magani. Addinin da ya sauƙaƙa wa sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi salla a zaune, ko a kishingiɗe in zaman ya gagara, shi ne za a ce ya hana mutum jinya yadda ta kamata? Na ga wanda ya tilasta wa kansa ruku'u da sujada kwanaki kaɗan bayan aiki yana cije baki, don kada a gan shi a kujera a masallaci. Jikin nan amana ne. Don Allah, don Annabi, ku daina kunyar kujera. Ku ma ma'aikatan asibiti, ku riƙa yi wa mutane bayani da Hausar da za su gane, ku kira dangi su ji. Da yayan nan ya san abin da katin ya ƙunsa, da wataƙila bai tokare fanka da shi ba.

Gyaran ba shi da yawa. Duk kwamitin da ya tara kuɗin tiyata ya ware na mota da na abincin gidan na wata uku, a kuma sa saurayi ɗaya ya riƙa raka mara lafiya gashi. A bar shi ya riƙa tattaki kaɗan-kaɗan tun kwanakin farko kamar yadda likita ya ce, ya bar sigari in yana sha. In kuwa fitsari ko bayan gida ya tsaya ko ya riƙa zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta fara saki, ko wurin ɗinki ya yi ruwa da zazzaɓi, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya neman shawarar kowa, a ɗauke shi zuwa asibiti a daren.